Illa Mai Zaman Mota

Shekara ashirin da bakwai Illa ya yi yana shiga motar Damagaram a tashar Matameye, amma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa taka Damagaram ba. Kada ku ɗauka tsautsayi ne, sana'arsa ce haka.

Kowa ya san motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma babu mai son ya zama na farko a ciki, rana ta gasa shi tun hantsi har azahar. To nan Illa ya samu abin yi. Sai ya shiga motar da ke kan layi ya zauna kamar matafiyi, mutanen Kurni da Dungu su leƙo su ga an fara taruwa, su shiga. In ta kusa cika, Hashimu ɗan kamasho ya ce, "Illa, sauka," shi kuma ya sauka ya koma ta baya. Direbobi ke ba shi na cefane. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ta Illa ta yi har shida, kuma da ita ya ciyar da su duka.

Gwani kuwa gwani ne. Babbar riga yake sawa, ya baza ta ta rufe kujera biyu. Yana da tsohuwar jaka da babu komai cikinta sai buta, ya ajiye ta a kujera ta uku ya ce, "Mai wurin nan ya je alwala." Agogon hannunsa ya mutu tun kafin a haifi autansa, amma haka zai dube shi, ya yi tsaki, ya leƙa ta taga ya ɗaga murya: "Direba, mu fa muna da sabga a birni!" Baƙo in ya ji wannan, da gudu yake shigowa. Illa yana alfahari da aikinsa, kuma ba ya ɓoyewa.

Ana nan sai ga furoje, wato shirin kawo ci gaba, ya sauka a tasha, da farar mota da wani injiniya mai suna Adnan. Aka tara 'yan sandika, wato ƙungiyar direbobi, aka ce musu daga yau tashar Matameye ta waye. Aka liƙa wa kowace kujerar mota wata 'yar na'ura mai jin nauyin wanda ya zauna. Aka kafa allo mai haske a bakin tasha yana nuna mutum nawa suka rage mota ta cika, har a salula ana gani. Aka sa sandar ƙarfe a ƙofa mai ɗaga kanta da kanta in mota ta cika. Minti uku take jira, in direba bai fita ba ta sauko, ya koma ƙarshen layi. Adnan ya ce zamanin ƙarya ya wuce. Aka yi tafi, har da Illa, don bai gane da shi ake ba.

Na'ura ba ta san babbar riga ba, ba ta kuma san mai alwala ba. Illa ya baje kamar kullum, allo ya ce mutum ɗaya ne. Fasinjoji suka daina leƙa mota, suka koma gindin dogon yaro suna kallon allo, kowa na jiran wani ya fara shiga. Mako guda aka yi gaskiya tana aiki a tashar nan, motar farko ba ta tashi sai bayan la'asar.

Wata mata ce ta ceci gari ba tare da ta sani ba. Ta ɗora buhun gero a kujera ta tafi sayen ruwa, Hashimu ya ga lambar allo ta motsa. Washegari sai ga buhunan yashi goma a amalanke. Daga ranar, tun asuba allo ke cewa saura mutum biyu. Jama'a su ruga su shiga, a riƙa zare buhu ana zaunar da mutum, wanda kuwa aka riga aka ɗaure kayansa a saman mota ba ya sauka ko ya ga yashi. Furoje ya aiko da yabo, wai lissafi ya nuna mutanen Matameye sun fi kowa son tafiya.

Illa ya je wurin Hashimu ya tambayi matsayinsa.

"Malam Illa, ka yi haƙuri," in ji Hashimu. "Buhu ba ya shan shayi, ba ya zuwa salla, ba ya neman na cefane. Zamani riga ne."

Abin ya yi wa Illa ciwo ƙwarai. Ba yunwar ce ta fi cin ransa ba, duk da ita ma ta fara leƙo gidan. A ce mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge sana'a, rana ɗaya yashin bakin hanya ya gaje shi! Wata guda yana zaune a ƙofar gida, sannan ya yanke shawara: zai je Damagaram, ofishin furoje, ya gaya wa Adnan buhuna ke yaudarar na'urarsa. In an hana buhu, dole a nemo mutum. Wato zai kai ƙarar ƙarya don a mayar masa da tasa. Matarsa Hafsatu kaɗai ya gaya wa, don in Hashimu ya ji, magana ta lalace.

Ranar kasuwa ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki jakarsa, ya shiga mota ya zauna kusa da ƙofa. Hashimu ya gan shi ya yi murmushi, ya ɗauka kewa ce ta kawo tsoho. Aka yi ta zare buhuna, mota na cika, Illa na ta leƙen allo, don bai taɓa zama a mota yana son ta tashi da gaske ba. Wani Alhaji ya shiga ya zauna, allo ya ce ta cika, sandar ƙofa ta ɗaga. Daidai nan sai ga wata Hajiya da ƙullin kaya tana haki.

"Illa, sauka!" in ji Hashimu.

"Tafiya zan yi."

"To, mun ji. Sauka, sanda za ta sauko!"

"Wallahi ina da sabga a birni!"

Tasha ta kwashe da dariya. Direba har da buga sitiyari, yana cewa, "Gwani! Har yau muryar nan tana nan!" Illa ya buɗe baki zai sake rantsuwa, sai ya tsinci kansa tsaye a ƙasa da jaka a hannu. Babu wanda ya ja shi. Ƙafafunsa ne suka ji kiran da suka saba ji shekara ashirin da bakwai, suka yi aikinsu.

Hajiya ta haye kujerarsa, mota ta fice ƙarƙashin sanda. Da ta juya za ta hau kwalta, Illa ya hango kujerar baya ta gefen taga. Buhu ɗaya aka manta saboda gaggawa, yana zaune abinsa, iska na kaɗa bakinsa.

Bai iya komawa gida da wuri ba, sai da ya yi magariba a masallacin tasha. Yana shiga, Hafsatu ta taso da murna ta karɓi jakar.

"Sannu da hanya, Malam. Yaya ka ga Damagaram?"

Illa ya cire agogonsa ya ajiye a kan tabarma.

"Bari buhun ya dawo," ya ce, "mu tambaye shi."