Abin da ke Ƙarƙashin Sallayar Luba

In ka taɓa bi ta layin da ke bayan tashar Barking a London da misalin takwas da rabi na safe, to ka ga Hajiya Luba ko da ba ka san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai rigar ruwa ruwan ɗorawa a kan hijabi, riƙe da doguwar sanda mai faifai a ka, wadda take shiga tsakiyar titi ta tsayar da motoci har 'yan makaranta su gama tsallakewa. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki. Direbobin bas tun daga nesa suke taka birki, don sun san wanda ya matso da yawa zai sha wani kallo da ko ɗan cikinta ba ya iya jurewa.

Daga Zariya ta zo tana amarya, ta biyo mijinta Malam Badaru da ya ce karatun shekara biyu zai yi su koma gida. Shekara biyun nan ce ta miƙe har ta zama talatin da huɗu. Sun kama wani ɗan flat a saman shagon wanki da guga, ɗaki biyu da falo, a nan ta haifi ɗanta tilo Umar Faruq, a nan kuma Malam Badaru ya cika shekara shida da suka wuce. A kusurwar falon, jikin taga, akwai inda kafet ya sha goshi da gwiwa har ya yi laushi. Nan marigayin yake shimfiɗa sallayarsa, nan ita ma take shimfiɗa tata tun da ya tafi. Ranar Asabar da Lahadi kuwa 'yan mata takwas ne suke hawo mata benen, ta biya musu karatu daga Fatiha zuwa Sabbi, ta kuma koya musu gaisuwa, don ta ce ba za ta zuba ido yarinya ta ce wa kakarta "hi" ba.

Shagon ƙasa ya yi shekara biyu a rufe. Wata safiyar Talata ta sauko da sandarta, sai ga shuɗiyar takarda manne a gilashin shagon. Wani hali na Luba shi ne ba ta wuce rubutu. Turancinta a hankali yake tafiya, amma sai ta kai ƙarshen layi. Ta gyara tabarau ta karanta: wani yana neman izini daga kansul, wato ƙaramar hukuma, ya buɗe wurin shan giyar inabi, mai tebura a ciki da waje, kuma duk mai ƙorafi yana da kwana ashirin da takwas ya rubuto.

Innalillahi! Ranar ta tsallakar da yara, amma ba ta ji gaisuwar ko ɗaya ba.

Umar Faruq, wanda yake aikin haɗa magani a Luton, bai jira ta gama bayani a waya ba. Dama ya daɗe yana so ta koma wurinsa.

"Mama, shi ke nan, magana ta ƙare. Ba za ki zauna a saman gidan giya ba. Ɗakinki yana nan a gyare. In aka ba shi licence ɗin nan, zan yi booking ɗin van in zo in kwashe ki."

Ta ce masa ya bari ta gani. Amma ta san yaron ba wasa yake ba, ta kuma san abin da za ta rasa: gidan da mijinta ya rasu a ciki, da 'yan matanta takwas, da titin da kowa ya san ta.

Ran Juma'a magana ta kai masallaci. Alhaji Abdul-Karim, shugaban ƙungiyar Hausawan yankin, mutumin kirki ne amma mai saurin ɗaukar zafi, ya sa aka buga takarda da manyan baƙaƙe cewa giya haramun ce, al'umma ba ta yarda ba. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka sa hannu. Luba ta tare shi a bakin ƙofa.

"Alhaji, na je laburare na tambaya. Sun ce abu huɗu kawai kansul take saurara: laifi, da haɗari, da damun maƙwabta, da kare yara. Wai maganar haramci ba ta ciki."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya! Mutum ɗari biyu? Ki bar mana wannan, aikin maza ne. Kuma mun san wani a ciki."

Ta ce Allah ya taimaka, ta wuce. A zuciyarta kuwa cewa ta yi, wanda kuka sani ɗin ba shi ya rubuta doka ba.

A laburaren nan ne wata ma'aikaciya ta buga mata taswirar shagon da mai neman izinin ya haɗa da takardunsa. Luba ta kawo ta gida, ta shimfiɗa a tsakar falo, ta juya ta har ƙofa ta yi daidai da ƙofa. Ta bi layukan da yatsa. Ga tebura biyu a waje, taku ɗaya daga ƙofar benenta. Ga kantar sayar da giya, ga dogon shelf na kwalabe a kusurwar gaba, jikin taga. Ta miƙe ta ƙirga taku daga bakin bene: bakwai, sannan uku zuwa taga. Ta duba ƙafarta, sai ta ga a kan sallaya take tsaye.

Nan ne abin ya soke ta. Ta tambayi malami, ya ce sallarta ingantacciya ce, ba ruwanta da abin da ke ƙasan siminti. Ta yarda da malam. Ta ma gwada mayar da sallayar ɗakin kwana, kwana uku, sai ta riƙa jin kamar baƙuwa ce a gidan mutane, ta dawo da ita. Wannan ba maganar fatawa ba ce, kuma ta san ba maganar kansul ba ce. Wa za ta rubuta wa cewa goshinta zai riƙa sauka a kan kwalabe, a daidai inda na Malam Badaru ya sauka shekara ashirin da takwas? Don haka ba ta gaya wa kowa ba.

To, ga inda Luba ta bambanta da mu. Tun da ta tare a layin nan, ba a taɓa yin sabon maƙwabci ba ta kai masa abinci ba. Ta kai wa 'yan Poland, ta kai wa Bangali mai kayan waya. Da ta ji ana buga guduma a ƙasa, ta yi ta juya abin a ranta, ta yi tsaki ya fi sau goma, daga ƙarshe dai ta jiƙa shinkafa. Washegari ta soya waina, ta zuba miyar taushe a kwano mai murfi, ta sauka fuska a ɗaure.

Bature ta zata. Sai ta tarar da wani dogon mutum baƙi, ƙura har gira, yana faɗa a waya: "Kai, na ce maka gobe, ba jibi ba!" Hausa ce tsaf, irin ta Jos.

Sunansa Obadiah Rwang, ɗan Bukuru. Shekara goma sha biyar yana ɗaukar tire a otal-otal na tsakiyar London, wannan ne karon farko da zai buɗe nasa. Da ya buɗe kwanon ya ga waina, sai da ya zauna a kan bokitin fenti.

"Mama, rabona da wannan tun mahaifiyata tana da rai."

"To ci," in ji Luba. "Amma ka sani, ni ce ta sama, kuma zan rubuta takarda a kanka. Ba na son ka ji a bakin wani."

Ya tsaya da loma a hannu. "Kuma kika kawo mini abinci?"

"Maƙwabcina ne kai. Takarda daban, waina daban."

Bayan kwana biyu ya hawo benen ya dawo da kwanon, ya ciko shi da acca, don shi ma ya san ba a mayar da kwano wayam. Ƙofa a buɗe take, Luba tana raka'ar ƙarshe ta la'asar. Ya tsaya daga bakin bene har ta sallame, sannan ya tako ya miƙa mata kwanon. Suka gaisa, ta yi godiya, ya sauka. Ba ta ce masa komai a kan kusurwar ba. Luba ba ta iya roƙo ba, wannan kam aibinta ne, kowa ya sani.

Ta rubuta takardarta da hannu, shafi ɗaya, ta kai da ƙafarta saura kwana huɗu wa'adi ya cika.

Ranar zaman sauraron ƙorafi, ƙarfe goma na safe, kansiloli uku suka zauna a gaba, magatakarda a gefe da agogo. Alhaji Abdul-Karim ya zo da babbar riga da mutum goma sha biyu. Shugabar zaman ta yi masa bayani cikin ladabi cewa sun ga sa hannun jama'a, sun kuma girmama shi, amma doka ba ta ba su ikon hana izini saboda addini ba. Takarda ɗaya ce tak ta shiga cikin abin da za su iya dubawa, ta Misis Badaru. Aka ce tana da minti biyar.

Wayyo Luba! Matar da take koya wa yara gaisuwa, ta yaya za ta tsaya gaban manya ta faɗa magana kai tsaye? Ta fara da shugabar. Ta tambaye ta kwana, ta tambaye ta gajiya, da iyali, da sanyi. Ta koma kan na biyu, wani tsoho mai sanƙo, shi ma ta bi shi tiryan-tiryan, har ya rikice ya ce jikarsa ce ba ta jin daɗi, Luba kuwa ta tsaya yi mata addu'a. Tana juyawa kan na uku magatakarda ya ɗaga yatsu biyu: saura minti biyu. Alhaji ya dafe kai.

Ita ko a jikinta. Ta ajiye takardar ma, ta yi magana da Turancinta na bakin titi.

"Aikina tsallakar da yara. Shekara goma sha tara, ko ɗaya bai taɓa ƙwarzanewa a hannuna ba. 'Yan mata takwas suna shiga ƙofata Asabar da Lahadi, ƙaramarsu shekararta shida. Teburin da ke cikin taswirar nan taku ɗaya ne daga ƙofar. Na auna. Ba na so yarinya ta ratsa tsakanin masu shaye-shaye kafin ta hau bene. Ba na so a riƙa zubar da kwalabe a ƙarƙashin tagata bayan na kwanta. Ban zo in ce ku hana mutumin nan neman abincinsa ba. Ku matsar mini da shi daga ƙofar yara."

Ta zauna, da saura wajen daƙiƙa ashirin.

Lauyan Obadiah ya miƙe zai yi gardama, Obadiah ya riƙe masa hannun riga ya ce ya amince da duka. Aka ba da izini da sharuɗɗa: ba tebur a gefen ƙofarta ko yaushe, ba tebur a waje sam ranar Asabar da Lahadi sai bayan ƙarfe uku, ba zubar da kwalabe daga magariba zuwa safe, kuma a sa abin tare ƙara a rufin shagon.

A waje Alhaji bai ko kalle ta ba. Kafin yamma magana ta zaga cewa Luba ta sayar da jama'a, wai har waina take kai wa mai giya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don waɗanda suka faɗa ɗin 'ya'yansu ne take tare wa mota kullum. Umar Faruq kuma ya kira ya ce tunda an ba da izini, van zai zo Asabar ɗin ƙarshen wata. Ba ta yi musu ba. Ƙofar yara ta samu, amma abin da ke cin ranta yana nan a taswira. Ta fara naɗe kwanuka a jarida.

Makonni uku ana ta buge-buge a ƙasa, ranar buɗewa da aka rubuta a gilashi ta zo ta wuce ba a buɗe ba. Ran Juma'ar ƙarshe, da hantsi, Obadiah ya ƙwanƙwasa.

"Mama, ki sauko ki gani. Ba a kawo ko kwalba ɗaya ba tukuna, wurin da tsarkinsa."

Ta ja hijabi ta bi shi. Tana shiga idonta ya tafi kusurwar gaba, jikin taga. Ba kanta, ba shelf. An mayar da su can ƙurya, bangon baya. A kusurwar ba komai sai wata babbar tukunya da shuka a ciki, an kewaye ta da ɗan katako yadda ko kujera ba za ta shiga ba.

"Sai da na sake kai wa kansul sabuwar taswira, shi ya sa muka makara," in ji shi. "Ranar da na kawo kwano na ƙirga. Bakwai daga bakin bene, uku zuwa taga. Mahaifiyata tana da inda take durƙusawa ta yi addu'a a ɗakinta, ko da wasa ba ma taka wurin."

Luba ta ɗaga kai ta dubi rufin da ke saman shukar. Matar da take tsayar da bas da ido ɗaya, sai ga ta tana share hawaye da bakin hijabi a tsakiyar shagon giya.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini, Mama. Kafet ɗin na gani."

Ta hau bene a hankali, ta ratsa tsakanin kwalaye, ta ɗauki waya.

"Umar Faruq, ka yi cancel ɗin motar nan. Gobe Asabar, yara suna zuwa ƙarfe goma, kuma ban san kwalin da na sa littattafansu ba."