Jakin Talle mai kai aiki Yamai

A shekarar da soja suka karɓi mulki hatsi kuma ya ƙi, Mumuni ya baro Yamai ya koma Maijirgi, don tsohonsa Talle ba shi da kowa sai shi. Aikinsa rubuta manhaja. Patiron, wato maigidansa na wurin aiki a Yamai, ya yarda ya riƙa yi daga ƙauye, da sharaɗi: in aiki bai iso ba duk mako, ko ya dawo ko a sallame shi.

To, ordinatar Mumuni, wato kwamfutarsa, ta tsufa, Maijirgi kuma ba wuta. Edita, wato manhajar da ya saba rubutu a ciki, mai kwalliya ne, ga cin batir. Kafin shayi ya dahu ordinatar ta mutu. Dole ya koma baƙin allo, inda ba hoto ba kala, sai umarni da kake bugawa da hannu. Ya zaɓi wani edita mai suna Vim don rashin nauyinsa. Ranar farko shiga ta yi, fita ta gagara, har ya zare batirin don haushi. Bayan wata guda yatsunsa sun haddace hanya, caji ɗaya na kai shi la'asar.

Saura rezo, wato layin intanet na tura aiki, wanda sai Tasawa ake samu. Mako biyu ya makara, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Wata safiya ya bi Talle gona suna binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Nan dabara ta faɗo masa. Ya rubuta ɗan umarni: aiki ya kwanta shiru, da an ga rezo ya tafi da kansa.

Ranar kasuwa Talle ya ɗora ordinatar a amalanken jakinsa, a kunne, cikin tsumma, zai kai caji. Suna dosar Tasawa aiki ya wuce Yamai, jaki bai ko tsaya ba. Tun daga nan tsohon yake cika wa 'yan kasuwa baki wai jakinsa ma'aikaci ne.

Da damina ta kankama patiron ya ce Mumuni ya yi zamansa a Maijirgi. Talle na gyaran hauya ya ji labarin. Bai ɗago ba, don kada a ga idonsa.

"To, ɗana," ya ce, "bana sai mu ƙara faɗin gonar."