Kunyar da Ta Kusa Cinye Dije

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata cikin damina, a ƙaramin asibitinmu na wajen Tarai. Lokacin ina sabon ma'aikaci, ina jin kaina kamar babban likita. Shugabarmu Hajiya Rabi ce, mace marar hayaniya, amma kunnenta ya fi na kowa.

A ƙa'ida, in mutum ya zo da rama, sai a buɗe masa kati, a ɗora shi a sikeli, a tura shi gwajin tarin fuka da ciwon suga da ƙanjamau. Haka na yi wa Dije, wata 'yar Fulani mai shekara goma sha bakwai da ta zo hutu daga makarantar kwana. Gwaji ya fito lafiya lau. Na rubuta mata maganin ƙarin jini da na sa cin abinci, na sallame ta. Ta sake zuwa, na sake rubutawa, sikeli kuwa ƙasa yake yi. Zuwa na uku, ranar Talatar nan, ɗauko ta aka yi, ta suma a bakin rijiya.

Na tambayi mahaifiyarta yadda take cin abinci. Matar ta ce cikin alfahari, ai Dije akwai fulako, ko a gabanta ba ta kai loma baki. Ga wanda bai sani ba, fulako shi ne kunya da kamun kai irin na Fulani, kuma ci a gaban mutane yana cikin abin da ake kauce wa. Ni uban 'yan sani har da cewa madalla da tarbiyya.

Hajiya Rabi tana gefe tana jera allurai. Ta juyo ta ce, "Inna, in ba ta ci a gabanki, a gaban wa take ci?"

Ashe ɗaki Dije take shiga da kwanonta, ta fito da shi wayam, ba wanda ya taɓa ganin abin da ke faruwa a tsakani.

Hajiya ta fitar da mu, ta zauna da yarinyar kusan awa guda. Ba ta fara da zancen abinci ba, hirar makaranta ta ja ta da ita. A nan Dije ta fashe da kuka. Tun tana aji ɗaya 'yan ɗakinsu suka sa mata suna Randa saboda jikinta. Daga nan ta fara rage ci, har ta kai kaji take zuba wa tuwon ta taga. Ga ta ƙashi da fata, amma in ta duba madubi, ƙiba take gani.

Hajiya ta bayyana mana cewa wannan ciwo ne, ba taurin kai ba, ba kuma aljanu ba, kuma yana iya tsayar da zuciya. Sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa a Kano, wanda zai riƙa zama da ita ana magana.

Mahaifinta, Malam Jauro, ya ce atafau 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. Hajiya ta same shi a gindin bishiya, ta rusuna ta gaishe shi.

"Malam, in saniyarka ta ƙi ciyawa cikin damina, kunya kake cewa tana ji?"

"A'a, ciwo ne a ciki."

"To wannan ma a ciki yake. Na gano shi, amma ban iya maganinsa ba. Ka kai ta wurin wanda ya iya, tun tana da rai."

Ya dogara da sandarsa, ya ce a rubuta takardar tura ta Kano.

Ba dare ɗaya Dije ta warke ba. Ta yi watanni tana zuwa ganin likita, wani watan sikeli ya hau, wani ya sauka, kuma duk zuwa mahaifinta ne ke raka ta. A ƙarshe ta koma makaranta da ƙafarta.

Na koyi cewa aikinmu bai ƙare a takardar gwaji ba, kuma cewa "ban iya ba" ba ya rage wa ma'aikaci daraja. Amma babban darasin daga mahaifiyar Dije na ɗauke shi, ranar tafiyarsu Kano. Ta riƙe hannun Hajiya tana hawaye, ta ce, "Shekaru ina yabon 'yata a kan abin da ke kashe ta." Ni ma na yaba, kuma ni ne mai riƙe da katin.