An Ce Min Sanyi Ne Kawai

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa duniya ta rufe ƙofa, ina zaune a Kuala Lumpur da maigidana da yaranmu biyu, mace 'yar firamare da ƙaninta da bai daɗe da iya magana ba. Jami'ar da maigidan yake koyarwa a gida ce ta turo shi ƙarin karatu, ni kuma na biyo shi a matsayin mai gadin tukunya. Gidanmu yana Taman Melati, can sama a wani dogon bene. In na leƙa ta taga ina hango jirgin ƙasan cikin gari, LRT, yana wucewa, kuma a kwanakin kulle haka yake wucewa fayau, daga shi sai kujeru.

Wanda bai zauna a Malesiya ba ba zai gane abin da zan faɗa ba: ƙasar ba ta da lokuta. Gumi da safe, ruwan sama da la'asar, gobe ma haka, baɗi ma haka. Ni kuwa 'yar Funtuwa ce, inda in sanyi ya sauka ko kare sai ya nemi toka ya kwanta. Da watan Disamba ya kama, sai jikina ya fara neman abin da babu. Na riƙa tuna wutar da ake hurawa a tsakar gidanmu da sassafe, mu zagaye ta muna miƙa tafukan hannu, ana tura dankali cikin garwashi, mahaifiyata tana dama kunun tsamiya tururi yana tashi.

Abin dariyar shi ne duk gidanmu ba wanda ya kai ni ƙin sanyi. Ni ce mai shiga banɗaki in watsa ruwa a bango, in wanke hannu da ƙafa, in laɓta man kaɗe in fito ina rawar ɗari wai na yi wanka. Dugadugaina kuwa faso ya sha raba su. Amma ga ni a ƙasar mutane na ƙure na'urar sanyaya ɗaki, na sa rigar sanyi da safa, na dama kunu na zauna ina kurɓa. Maigidana ya shigo ya gan ni ya ce, "Ikon Allah. Wasu na kewar mutane, ke mura kike kewa."

Sai dai ƙin da nake wa sanyi ba na wanka ba ne kaɗai. Mahaifina yana da ciwon fuka. Duk shekara in sanyi ya shigo sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar an taka mage, muna jin numfashinsa daga ɗakinmu. Mun taso da wannan tsoron, har muka saba da shi. Zai sha wuya, zafi ya shigo, ya miƙe ya koma gonarsa.

Duk Juma'a nakan kira gida ta bidiyo. Lokacin da muke la'asar su hantsi ne, sai in same shi a ƙofar ɗaki kan tabarma yana shan rana, da hular sanyi har kunne. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, yaya zafin naku?"

"Baba, don Allah a ƙunso min sanyin nan a leda a aiko min."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce, "Da ana aikawa ai da na tattara miki duka, har da ƙirjin."

Daga tsakiyar Disamba na daina ganinsa. In na kira sai a ce ya tafi masallaci. Wata Juma'ar a ce barci yake. Mahaifiyata da take son ganin jikokinta ta koma cewa a kashe bidiyon, sabis ba kyau. Ranar da hankalina ya ƙi kwanciya na kira yayana, babbanmu, wanda komai na gidan yake hannunsa.

Ya ce, "Sanyi ne kawai. Ke ba ki san Baba da sanyi ba? Ana ba shi magani."

Ban gamsu ba. Na samu maigidana na ce ni gida nake son zuwa. Ya rufe kwamfutarsa, ya yi min bayani a nutse. Fita ana iya fita in an dace da jirgi. Dawowa ce babu, don an hana baƙi irinmu shigowa, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa. In na tafi ni kaɗai, na bar masa yara biyu da karatu a gida a kulle. In na tafi da su, shi ke nan mun rabu sai yadda hali ya yi.

Ya ce, "Ni ban hana ki ba. In jikin ya yi tsanani, wallahi da kaina zan nemo miki jirgi. Amma ki sa Yaya ya faɗa miki gaskiya tukuna."

Na sake kira. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka gaya min. In taho?"

"Ki taho ki yi me? Likita ce ke? Ki zauna ki riƙe 'ya'yanki. Jiya ma har tuwo ya ci."

Wannan tuwon shi ya zaunar da ni. Na ce wanda yake cin tuwo ai da sauransa. Na koma harkata, har da ci gaba da shirmen kunu da safa.

A watan Janairu aka sake tsananta kulle. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, 'yan sanda sun tare hanyoyi. Wata rana bayan azahar aka kira maigidana a waya, ya shiga ɗaki ya amsa, ya fito ya ce zai sauka kedai, wato shagon da ke ƙasan benenmu, ya sayo burodi. Ya daɗe bai dawo ba. Hadari ya haɗo, ruwan la'asar ya sauko kamar kullum. 'Yata tana gaban kwamfuta malamarsu tana koya musu waƙa da Malayanci. Na zauna a kujera na buɗe waya ina duba abin da mutane suka ɗora, don kashe lokaci.

Sai ga hoton mahaifina. Ɗan kawuna ne ya ɗora, hoton wata Sallah da Baba ya sa farar babbar riga. A ƙasa an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na danna na gaba. Bidiyo ne na maza suna dawowa daga maƙabarta, kowa ya duƙunƙune cikin mayafi, ga yayana a gaba ana riƙe masa hannu.

Ban yi ihu ba. Na kira yayana bai ɗauka ba. Na kira mahaifiyata, waya a kashe. Na kira maigidana, bugu ɗaya ya ɗauka.

Na ce, "Kana ina?"

Ya ce, "Ga ni a ƙasa."

Daga muryarsa na gane ya sani. Ashe kiran da aka yi masa ke nan. Yaya ya ce masa kada ya gaya min sai an binne, kuma ya bi da ni a hankali. Shi kuma ya rasa ta inda zai fara, ya je ya zauna a wurin ajiye motoci da ledar burodi a hannu. Wato a duk duniya, daga Funtuwa har ƙasan benenmu, ni ce ta ƙarshe da ta san ubana ya rasu. Abokan ɗan kawuna da ba su taɓa gaishe shi ba sun riga ni.

Zaman makoki kuwa ban san ko in kira shi haka ba. Matan Hausawan da muke zumunci da su suna can unguwannin Sri Petaling da Bukit Jalil, ba halin su tsallako. Suka yi ta kira, Allah ya saka musu, amma waya ba ta dafa kafaɗa. Wata dattijuwa 'yar ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, muna ce mata Makcik, ita ta riƙa rataye mana ledar shinkafa a ƙarfen ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta ja da baya. Daga bayan takunkumi take cewa, "Sabar, sabar. Makan." Wato in yi haƙuri, in ci abinci. 'Yata ta tambaye ni da Turanci ko wanda ya mutu shi ne kakan nan mai hula. Iyakar abin da ta sani game da shi ke nan.

In na kira gida kuma sai in ji gidan cike. Can ba wanda ya damu da kulle. Ina jin ƙarar tukwane, ina jin mata suna sallama suna "ya haƙuri", ana karɓar wayar daga hannu zuwa hannu. Wata gwaggona ta karɓa ta yi min gaisuwa, sannan ta ce, "Ke ai kin huta, 'yar nan. Kina can cikin daula, ba ki ga wahalar da aka sha ba." Na ce mata haka ne. Me zan ce? Na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji ni.

Daga ranar ban sake kunna na'urar sanyin nan ba sai in yara sun matsa. Iskarta in ta taɓa ni sai in bar musu ɗakin.

Sai da maigidana ya gama karatu, hanyoyi suka buɗe, sannan muka dawo. Kamar da gangan, cikin sanyi muka sauka. Washegari da safe yarana suka fito tsakar gida suka ga tururi yana fita daga bakinsu, suka yi ta tsalle suna hura wa juna, wai sun zama dodanni. Kowa yana dariya. Ni kuma ina kallon ƙofar ɗakin Baba, an mayar da shi wurin ajiye buhunan masara.

A ranar mahaifiyata ta ba ni labarin da aka ɓoye min. Makonni ya yi a asibiti a Zariya da robar iska a hanci. Ko fukar ce, ko cutar da ake yayi ce, ba wanda ya tsaya bincike, kuma ba wanda yake son a ambata. Tuwon da aka ce ya ci, a lokacin ko ruwa sai da cokali.

Ta ce, "Da farko shi ya ce kada a tayar miki da hankali, za ki baro 'ya'yanki. Amma akwai ranar da ya ɗan ji dama, ya ce a kira masa uwarsa. Yayanki ya ce a bari a cire robar tukuna, kada ki gan shi haka ki tsorata."

Ta gyara mayafinta, ta ce, "To, ba a cire ba."

Na samu yayana a zaure da yamma. Na yi niyyar magana a hankali, amma ba haka ta fito ba. Na ce, "Yaya, ya nemi ni ka hana."

Ya ce, "Da kin sani me za ki yi?"

"Ba abin da zan yi. Amma da na ji muryarsa. Da na ce ya yafe min."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Ni na riƙa ɗaukarsa a kafaɗa zuwa banɗaki. Ni na kwana a barandar asibiti cikin sanyin nan da kike cewa a aiko miki. Kada ki zo yau ki yi min shari'a."

Gaskiya ya faɗa. Ni ma gaskiyar na faɗa. Muka tashi kowa da tasa, kuma har yau ba mu sake tayar da maganar ba. Muna gaisawa, muna zumunci, 'ya'yansa suna hutu a gidana. Amma in ya ce min "lafiya ƙalau", sai na nemi wani na tambaya.

Yanzu in sanyi ya shigo ban san me zan yi da shi ba. Ina son ƙanshin hayaƙin safiya, ina son kunu mai zafi, jikina yana jin ya dawo inda aka yi shi. Amma da na ji wani tsoho yana tari a bayan katanga, sai komai ya fita raina. Abin da na roƙa daga nesa shi ne abin da yake cin ubana a daidai lokacin, kuma waɗanda suka sani suna ji ina roƙon suka yi shiru.

Mu Hausawa muna da wannan ɗabi'ar, mu ɓoye wa na nesa ciwo mu ce tausayi ne. Na yarda da niyyar. Amma wanda ke nesa ba yaro ba ne, kuma kukan da aka hana shi yi yau ba yafe masa aka yi ba, ajiye masa aka yi ya yi shi kaɗai.

Bara sanyi ya kwantar da mahaifiyata, har aka ba ta gado. Autanmu yana karatu a Masar. Aka taru aka ce kada a gaya masa, yana cikin jarrabawa. Na ce to. Na fita barandar asibitin na kira shi ta bidiyo, na dawo na sa mata wayar a gaban fuska, da ƙarin ruwan a hannunta da komai. Ya yi kuka, ita ma ta yi, ta sa masa albarka, ta ce ya je ya yi karatunsa. Allah ya ba ta lafiya, tana nan da ranta.

Yaya ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata, wai na tayar wa yaro da hankali a banza. Wataƙila a banzan ne. Gobe ma in mahaifiyata ta kwanta, zan kira autan.