Ku Taya Mu Godiya

A gidanmu ba a karɓar kyauta a ɓoye. Tun muna ƙauye, can wajen Sabuwa, idan aka ba mahaifiyarmu ko da sandar sabulu ce, sai ta yafa gyale ta zaga maƙwabta tana nunawa tana cewa, "Ku taya ni godiya." Kowa ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina, ya sa albarka, ya miƙo mata abinta. A ganinta godiyar mutum ɗaya ba ta isa ba, sai an yi mata gayya kamar noma. Yayata, wadda ta goye ni, ta gaji wannan hali kaf. Ni kuwa da na yi boko na ɗauka na wuce wurin. Ashe ina nan a ciki tsundum, waya kawai na ƙara.

Da zaman ƙauye ya gagara, kowa ya kama gabansa. Ni dama ina koyarwa a Kankara. Yaya, wadda mijinta ya rasu tun kafin nan, ta sauka Faskari da ƙunshin kaya da tukwane biyu. Wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Hajiya ta ba ta ɗaki a gidan da ke jikin nata, alhali ba ta taɓa ganinta ba. Hajiya taliya take yi. Yaya ma sana'arta ke nan a ƙauye, amma injinta yana can inda ta baro shi, domin ranar da aka fito ba ranar ɗaukar inji ba ce. Sai suka daidaita: Hajiya ta murza tata da safe, bayan azahar Yaya ta shigo da kwaɓinta ta murza. Igiya ɗaya suke shanya a kai, suna hira suna korar kaji.

Ɗiyar Yaya tana aikin jinya a Kaduna. Wata ƙaramar salla wurin aikinsu ya raba wa ma'aikata katin kyauta na wani babban kanti, irin wanda ake zuba kuɗi a ciki, mutum ya je kantin ko ya shiga shafinsu ta waya ya zaɓi kaya. Ta duba ta ga suna sayar da injin taliya, kuma abin da ke cikin katin zai saya har a samu ragowar fulawa. Da yake ita ce kyauta ta farko da aiki ya ba ta, ta ga bai kamata ta taɓa ba sai uwarta ta riƙe ta sa albarka. Ta sa a ambulan ta ba direba, da saƙon cewa idan Kawu ya zo, wato ni, sai ya yi oda ta waya.

Na zo ranar Asabar. Ban gama cire takalmi ba Yaya ta buɗe samira ta zaro katin, a naɗe cikin tsumma.

"Auta, ka ga abin da ɗiyarka ta aiko? Wai inji ne a ciki."

"Har kin zaga da shi, ko?"

"Mi zan jira? Tun Alhamis. Hajiya har tabarau ta sa. Ta juya gaba ta juya baya, ta ce ita dai ba ta ga wurin sa hannu a murza ba."

Muka yi dariya. Na karɓi katin, na gyara zama irin na malamin da ya samu aji mai ɗalibi ɗaya. Na nuna mata wani layi mai ruwan toka a bayansa, na bayyana mata cewa a ƙarƙashinsa lambar sirri take, kuma wannan lambar ita ce kuɗin. Na ciro makullin babur na kankare. Ya kamata in faɗi wannan a sarari, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya: lokacin da Yaya ta zaga gidaje, lambar a rufe take. Hajiya ko tabarau goma ta sa ba za ta ga komai ba. Ni na buɗe ta.

Na gwada shiga shafin kantin, sabis ya ƙi. Na ce a bari sai Litinin idan na koma Kankara. Sai wani tunani ya zo mini, wanda a lokacin na ɗauka mai kyau ne. Muna da guruf a waya na 'yan asalin ƙauyenmu, an buɗe shi ne bayan mun watse, don a san wanda ya haihu da wanda ya rasu da inda kowa ya sauka. Da farko mu ne zalla. Daga baya kowa ya jawo nasa, har ya zama rabin lambobin ba wanda ya san masu su. Na ce a raina, Yaya ta zaga unguwa da ƙafa, ni bari in zaga dangi duka daga zaune. Na shimfiɗa katin a kan sabon faifai, na ɗauki gaba, na juya na ɗauki baya, don kada a ce na rage wani abu. Na rubuta bayani mai kyau, na yabi tarbiyyar yarinyar, na duba waƙafi da aya sau biyu, na rufe da cewa: ku taya mu godiya.

Sabis ɗin da ya hana ni shiga kanti bai hana hoton tafiya ba. Ya ɗan yi juyi, ya wuce. Addu'o'i suka fara shigowa. Na riƙa karanta wa Yaya ɗaya bayan ɗaya tana amin, ba ta ma tambayi abin da na aika ba.

Ba zan ce ban sani ba. A zangon da ya wuce ni aka sa na tsaya gaban ɗalibai a taron safe na yi musu jawabi kan 'yan damfarar waya. Na ce musu lambar sirri kamar makullin ɗaki ce, ba a ba baƙo. Shugaban makaranta har ya ce in ba shi takardar ya ajiye.

Ranar Litinin a ofishin malamai na sa lambar. Aka ce babu komai a katin. Na sake, ina karanta kowane harafi da ƙarfi kamar mai shifta. Amsa ɗaya. Na kira ɗiyar Yaya, ita kuma ta kira kantin. Da ta dawo mini ta ce an yi sayayya da katin ta waya tun ranar Asabar bayan la'asar, kuma tunda da lambar gaskiya aka yi, ba abin da za su iya. Na buɗe guruf na duba lokacin da na sa hoton. Tsakaninsu bai kai lokacin darasi ɗaya ba. Na goge hoton da saurin da ban taɓa goge allo da shi ba.

Da na koma Faskari na ce wa Yaya an sace kuɗin katin.

"Ta ina? Abin da ke cikin samira, samira cikin ɗaki?"

"Ba katin ake ɗauka ba, Yaya. Lambar ake ɗauka."

"Wanda ya ga lamba ke nan?"

"Eh."

Ta juya tana kallon katangar da ta raba su da Hajiya. Can ta ce, a hankali, kamar mai magana da kanta, "Ita kaɗai ta sa tabarau. Kuma in na samu injin kaina, na janye mata masu sayen taliya."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Jimla ɗaya ce, ba ta da wuya, na koyar da waɗanda suka fi ta tsawo. Amma na tuna yadda take cewa "ƙanena Malam" a gaban mutane, na tuna cewa duk takardar da ta shigo unguwar ni ake ajiye wa in karanta. Na ce, "Allah dai ya sani." Na fake da sunan Allah, na bar wata baiwar Allah da kayan da ba nata ba.

Yaya ba mai faɗa ba ce. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta dai daina shiga bayan azahar. Ta ce bayanta ke ciwo. Gaisuwar da suke yi ta kan katanga, wadda a da sai ta kai ga jikoki da farashin fulawa, ta koma ina kwana, lafiya lau. Masu sayen taliyar Yaya suka yi ta zuwa suna komawa hannu wofi, har suka daina. Zuwana na gaba na leƙa na ga rabin igiyar Hajiya babu komai a kai, ta bar wurin kamar yadda aka saba.

A ƙofar gida Hajiya ta tare ni.

"Malam, tsakaninka da Allah, ko na yi wa yayarka wani laifi?"

"Haba Hajiya. Jiki ne kawai."

"To Allah ya sawwaƙe. Ka ce mata injin na nan, ko ba ta iya murzawa ta kawo kwaɓin in murza mata."

Na ce to. Ban isar da saƙon ba, don ban san da wace fuska zan isar ba.

Sai na yi abin da mai laifi ke yi idan yana da albashi. Ƙarshen wata na sayi injin taliya, na ɗaura a bayan babur, na kawo. A hanya har ina jin sauƙi, ina lissafin cewa inji ya ɓata, inji ya dawo, magana ta ƙare. Yaya ta yi murna, ta shafa shi, ta sa mini albarka har sai da na ji kunya. Na zauna ina jira ta ɗauki gyale. Ba ta ɗauka ba. Ta tura injin ƙarƙashin gado ta ja zani ta rufe.

"Ba za ki zaga da shi ba?"

"Wannan kam ba mai gani. Na koyi hankali, Auta. Mutum ya yi maka dariya, hannunsa na cikin samirarka."

Tunda nake ban taɓa ganin kyauta ta shigo gidanmu ta wuce ƙarƙashin gado ba. Na fito tsakar gida, sai ga kiran ɗiyarta. Muka gaisa. Ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Kawu, Inna ta ce mini ta daina shiga gidan Hajiya." Na ce na lura. Sai ta ce, "Ina cikin guruf ɗin nan fa, Kawu. Na ga hoton tun ranar, bayan na tashi aiki. Faifan ya yi kyau." Ba ta ƙara ba. Wata guda ke nan yarinyar nan ta sani, ta yi shiru don kada ta kunyata kawunta, tana jira in yi abin da babba ke yi.

Na koma ɗaki na faɗa wa Yaya. Ban iya tsara shi ba, na fara daga tsakiya na koma farko. Na ce lambar a rufe take lokacin da Hajiya ta riƙe katin, ni na kankare, ni na ɗauki hoto, ni na aika wa mutanen da ban san iyakarsu ba, kuma na san haka tun ranar Litinin ɗin farko.

Ba ta yi maganar kuɗi ba ko sau ɗaya.

"Tun ranar ka sani?"

"Tun ranar."

"Ka bar ni ina salla da zargin matar da ta ba ni ɗaki? Auta, goyon da na yi maka, da ka na sauke ka?"

Ta tashi ta ɗauki gyale, ta nuna ƙarƙashin gado da ƙafa. "Jawo shi. Kai za ka ɗauka."

Muka yi sallama gidan Hajiya, ina rungume da inji kamar ɗan aike. Hajiya na zaune kan tabarma tana ƙulla taliya a leda. Yaya ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ƙanena ya kawo mani inji, ki taya ni godiya. Sannan akwai maganar da zai yi maki, in ya gama ni ma ina da tawa."

Na yi tawa. Yaya ta yi tata, kuma tata ta fi wuya, domin Hajiya ba ta taɓa sanin ana zarginta ba sai a wannan zama. Ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabaranta ta goge da bakin zani, ta daɗe tana gogewa.

"Ni da nake ta tunanin ko maganar kaji ce," in ji ta. "Ashe ɓarauniya aka ɗauke ni." Sai ta dube ni. "Kai kuma Malam, a ƙofar gidan nan na haɗa ka da Allah."

Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Sun koma hirarsu ta kan katanga, Yaya ta koma shanya a igiyar Hajiya. Wanda ya kwashe kuɗin ban taɓa saninsa ba. Mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka rubuta mana addu'a a ranar.

Da babbar salla ɗiyar Yaya ta aiko da atamfa. Yaya ta yafa gyale, ta fara da gidan Hajiya, ina biye da ita don in yi barka da salla. Ta miƙa mata turmin ta ce ta taya ta godiya. Hajiya ta yaba launin, ta yaba yarinyar, ta yi addu'a mai tsawo. Amma hannayenta biyu suna bayanta, a harɗe, har muka fito.