Littafin Baba a Kusurwar Gona

Mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana rubuta labarai da Larabci a garin da ake sumbatar duk takardar Larabcin da aka tsinta a ƙasa, amma ba a karanta ta. Ya daɗe a ƙasar Larabawa yana karatun nahawu da luga, ya dawo ya koyar a wata kwaleji a Kano. Da ya yi ritaya sai ya tattaro littattafansa ya komo ƙauyenmu, tsakanin Kura da Kadawa, inda ba a hirar komai sai tumatir da shinkafa. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ni kaɗai a gidan na zauna na koyi Larabcin har na iya karanta abin da yake rubutawa.

Da farko an yi murna, an ce gari ya yi babban malami. Murnar ba ta je ko'ina ba. Mai neman laya ya zo, Baba ya ce ba fanninsa ba ne. Mai son a duba masa ranar dashe ya zo, ya tura shi wurin malaman gona. Da aka matsa masa da tambayar me yake rubutawa wuni guda, ya ce ƙagaggen labari ne, na mutanen da ba a taɓa yin su ba. Baffana, ƙaninsa, ya kasa haɗiye wannan magana. A wurinsa Larabci harshen Alƙur'ani ne, ta yaya mutum mai hankali zai tsoma alƙalami ya shirga ƙarya da shi? Daga nan aka ƙyale Baba da takardunsa, ana ce masa malamin da ba ya maganin ko ciwon kai.

Ana karantar da littafinsa na nahawu a birni, an kuma buga labaransa biyu a waje, amma na ukun shi ne ransa. Labarin wani manomin rani ne da gonarsa ke can ƙarshen magudana, ruwa ba ya isowa gare shi sai na gaba da shi sun ƙoshi. Da hannu ya rubuta shi, a sakakkun takardu irin na malaman da, ya zuba a gafaka. Kwafin ke nan a duniya. Duk sa'ad da na zo daga Madobi, inda nake aure, bayan la'asar zai karanta mini wani babi, ya tsaya kan kalma ɗaya yana ta juya ta har shayinsa ya huce. Babin ƙarshe ne kawai ya hana ni. Ya ce ya rubuta amma bai nuna ba tukuna, in yi haƙuri.

Ina cikin haƙurin ya rasu, a farkon rani. Ina cikin gida wurin mata ana karɓar gaisuwa, maza na waje, kuma labarin da ke shigowa daga wajen ya ba ni mamaki. Mutanen da ba su taɓa zama a tabarmarsa ba su ne ke cewa waliyyi ne, ɓoye kansa ya yi. Ni dai na koma gidana da jariri a baya, na ce in an yi arba'in zan dawo in ɗauki gafakar. Ban zaci akwai mai buƙatarta ba.

A shekarar ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa tumatir. Baffa ya shiga ɗakin Baba. Bugaggun littattafai bai taɓa su ba, don a saninsa abin da injin ya buga babu asiri a ciki. Gafakar ya buɗe, ya ga rubutun hannu tsaf, baƙi wuluk, nan take ya yanke hukunci cewa zancen ƙagaggen labari rufa-rufa ce. Sai ya shiga rabo, fi sabilillahi. Kowane manomi ya samu na kusurwoyin gonarsa, ya naɗe ya binne, aka sako ruwa ya bi ta kai. Masu dabara kuma suka wanke tawadar a bokiti, suka juye a famfon feshi.

Da na dawo na tarar da gafakar a rataye, fayau. Na sami Baffa a zaure na durƙusa na tambaye shi.

"Baffa, labari ne fa. Wallahi labari ne. Ni ya karanta wa."

"Ke yarinya ce, 'yar nan, me zai gaya miki?" in ji shi, yana murmushi. "Mu ma rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami. Je ki ga gonakin."

Na je na gani. Tumatir ya yi ja, gwanin sha'awa. An dai yi feshin wani sabon magani a makon da aka binne takardun, amma babu mai son jin wannan. Na bi gida-gida ina roƙo kamar mai neman bashin gishiri. Wata tsohuwa ta ciro mini shafi biyu daga ƙarƙashin matashinta, wani ya ce ya sayar da nasa ga mutumin Bunkure. Abin da na haɗa bai cika tafin hannu ba, kuma duk daga farkon labarin ne, wuraren da na riga na sani.

Na ji haushinsu, har yau ina ji. Da ƙiyayya suka yi masa da na san yadda zan yi da ita. Girmamawa ce, kuma ba a kai ƙarar mai girmama mahaifinka.

Ban san ko ruwa ya isa gonar manomin nan na cikin labarin Baba ba, kuma babu wanda zan tambaya. Da aka fara tsinka, Baffa ya aiko mini da kwandon tumatir har Madobi a keke napep, da saƙon cewa albarkar mahaifina ce, kada in raina. Maigidana ya ce in kira in yi godiya. Na kira na yi.