Furen da Indo Ta Ce Sai Ta Gani

Haladu mutumin Durun ne, manomin gyaɗa kamar kowa. Abin da ya raba shi da jama'a shi ne cin ranin da ya taɓa yi a Kano, inda ya yi aikin lambu a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Ya dawo da labari guda da wani iri ƙulle a tsumma. Wai matar Baturen kan sa a shuka fure, in ya buɗe ta yanke shi da almakashi, ta tsoma a kwalba ta ajiye kan tebur.

"Sai ta yi me da shi, Malam?" in ji matarsa Indo.

"Sai ta kalla."

"Ba a miya da shi, ba a magani?"

"Kallo kawai."

Indo ta ce sai ta gani da idonta. A lokacin kuwa yanar ido ta fara kama ta, shi ya sa Haladu ya ɗauki maganar da gaske.

Ya shuka rabin irin a gefen gonarsa, ya tsiro. Sai ya kira gayya. 'Yan gayya, mutane masu amana da ba sa barin ciyawa a gonar ɗan'uwa, suka nome shi tas. Ƙaninsa Sajo har tsayawa ya yi a gode masa.

Da damina ta zagayo ya shuka ragowar, ya tsare wurin da kansa. Ganye kawai ya samu, don shi wannan fure ba ya buɗewa a shekarar farko, saiwarsa ce ke zama a ƙasa ta jira wata damina. To a Durun ba abin da ke kwana a gona bayan kaka. Da an kwashe harawa sai a saki shanu. Haladu ya kewaye wurin da ƙaya, ya yi ta jido ruwan rijiya duk tsawon rani. Har kasuwar Kabo an san mutumin da ke shayar da ciyawa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ke ci masa rai shi ne yanzu Indo da tarinsa take gane ya shigo gida.

Ranar da furen ya buɗe, ya yanko da aska, ya wanke kwalbar man gyaɗa, ya kai mata. Ta shafa, ta sansana. Ba ƙamshi.

"Wane launi ne?"

"Ja."

"Jan barkono ko jan lalle?"

Ya duba sosai. "Na lalle."

"To ajiye inda zan kalla."

Ya ajiye kan turmi a gabanta. Indo ta gyara zama, ta zuba wa randa ido, ta ce lallai matar nan ta san abin da take yi. Haladu ya tashi a hankali ya mayar da kwalbar kan randar.